Taƙaitawa: ma'anar jimla da sharaɗin gaskiyarta

Ga abin da ya fito daga muhawarar malamanmu na Ringim kan ko ma'anar jimla ita ce sharaɗin gaskiyarta, wato abin da zai sa ta zama gaskiya:

1. Mafi yawa sun yarda cewa wanda ya fahimci "an yi ruwa jiya" ya san abin da zai sa maganar ta zama gaskiya, ko bai leƙa gona ba. Ra'ayin masanin falsafa Donald Davidson ke nan a 1967, bisa aikin masanin mantiƙi Alfred Tarski.

2. Masu ilimin balaga (fasahar zance) suka ce wannan ya tsaya ga labari kawai, wato zancen da ake iya gaskatawa ko ƙaryatawa. "Kawo fartanya" insha'i ne (zance irin umarni ko tambaya), ba a ƙaryata shi.

3. An rabu kan "gonar ƙarama ce amma ta yi albarka". A sa "kuma" maimakon "amma", sharaɗin gaskiyar bai canja ba. Wasu suka ce ma'anar ɗaya ce. Ni ina tare da masu cewa an rasa mamakin mai magana.