Musayar waƙa kan Dakta Mabuse

Sadiƙu:
Jama'a ku zo mu taɓa Dr. Mabuse na darakta Fritz Lang, fim ɗin Jamus na 1922 kan wani gawurtaccen mai laifi, ba murya sai rubutu a allo, kashi biyu ne ya haura awa huɗu amma wlh ba ka iya tashi, ga nawa baitin mai amsa bismillah

Ya zauna yana juya hotuna kamar karta,
Yana zaɓen fuskar da zai saka ya fita,
Yanzu attajiri, anjima tsoho mai furfura,
Likitan ƙwaƙwalwa ne, shi ya sa Balin ta rikita.

Anti Rabi:
Ƙanena ka fara da kyau amma ka tsallake kasuwar hannun jari

Ya sa an sace takardar ciniki a jirgin ƙasa,
Labari ya bazu, farashi ya zube ƙasa,
Kowa na sayarwa shi yana ta kwasa,
Aka ce an tsinci takarda, farashi ya koma bisa,
Ya sayar abinsa, ko gumi bai tsattsafo masa.

Malam Habu:
Hajiya ni dai idon Rudolf Klein-Rogge, wanda ya fito a matsayin Mabuse, ne ya dame ni

Ya kafe yaro Hull da ido a teburin caca,
Kuɗin gidansu ya zube, ya tashi da bashi,
Ya sa basarake Told maguɗi a gaban baƙi, mutunci ya kece,
Har mai gabatar da ƙara von Wenk bai tsira da shi ba,
Ya ja mota zai afka rami, yaransa suka tare shi.

Anti Rabi:
Malam a yi haƙuri, ban yarda ido ne kaɗai ba

Wa ya kai su gidan caca, ba ƙafarsu ba?
An ci Jamus da yaƙi a 1918, zuciya ba ta kwanta ba,
Kuɗinsu na narkewa, masu hali sun ƙi barin rawa,
Shekara ɗaya bayan fim ɗin burodi ya kai biliyoyi,
Mabuse ya tarar da ɓaraka ne, ba shi ya fara ta ba.

Sadiƙu:
Ni makafin nan ne suka karya min zuciya

Ya tara makafi a ɗakin ƙasa suna ƙirga jabu,
Yatsu na lissafi, idon da zai tona shi babu,
Ranar da sojoji suka zagaye gida nan ya gudo,
Ƙofa ta kulle, waɗanda ya kashe suka fito,
Suka ce zauna mu yi karta, hankali ya gushe.

Malam Habu:
To Hajiya na ba ki rabi, rabi kuma na ido ne. Lang ya dawo da Mabuse a wani fim a 1933 yana asibitin mahaukata yana ta rubuta tsarin ta'asa, Goebbels, ministan farfagandar Hitler, ya hana haska fim ɗin a Jamus, wannan ki fara jefa baiti ni zan amsa.