Abin da muka tsinta a zaman masu rubuta manhaja a Damagaram

Daren Asabar mun zauna a fadarmu ta Zongo, ana zuba shayi, hira ta koma kan yadda ake ɗora sabuwar manhaja a kan saba, wato kwamfutar da manhaja ke aiki a kanta, ba tare da ta rushe ba. Ga abin da na riƙe.

Babban yayanmu ya ce a daina kwafar fayil da hannu. Ya kawo misalin Knight Capital, wani kamfanin hada-hadar hannun jari na Amurka: a Agustan 2012 sun sabunta sabobi bakwai cikin takwas, suka manta ɗaya, cikin minti 45 suka yi asarar kusan dala miliyan 440. Wannan ya tsaya mini a rai, domin ni ma na taɓa manta fayil guda, manhajar wani kanti ta kwana ba ta aiki.

Shawarar da kowa ya yarda da ita: komai ya shiga Git, mai adana tarihin duk canjin da aka yi wa manhaja, sannan manhajojin sarrafa aiki irin su Jenkins ko GitHub Actions su gwada shi da kansu kafin a sake shi. A dunƙule manhajar cikin Docker, mai haɗa ta wuri guda da duk abin da take buƙata, don ta yi aiki iri ɗaya ko'ina.

Wata ƙanwarmu ɗalibar jami'a ta ce a fara sakin sabon salo ga mutane kaɗan, in lafiya a ƙara, kuma a ajiye tsohon a shirye don komawa. A nan, inda wuta da intanet kan yanke ana tsakiyar aiki, a ganina shawararta ce ta fi muhimmanci.

Kubernetes kuwa, wato tsarin kula da manhajoji a kan sabobi da yawa, aka ce ƙaramin aiki bai buƙatarsa tukuna.