Furen ƙanƙara a tsakar gidan Zongo: wa ya raya shi ya ƙetare damina?

Tela daga Nima:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Yayana da ke Jamus ya aiko min da 'yar takardar iri, an rubuta Delosperma cooperi a jiki, wato furen ƙanƙara. Ya ce a ƙofar gidansu dusar ƙanƙara kan binne shi ruf, da zafi ya dawo sai ya farfaɗo ya yi fure shunayya har ganyen ba ya ganuwa. Na ce abin da ƙanƙara ba ta kashe ba, me Ankara, babban birnin Ghana, za ta yi masa? Na barbaɗa irin cikin hunturu, ya tsiro, ya bazu cikin roba gwanin sha'awa. Ruwan watan Yuni na sauka, kwana biyar kacal ya koma kamar dafaffen alayyafo, gindin ya yi baƙi yana wari. Akwai wanda nasa ya tsira?

Hajiya daga Aboabo, Kumasi:
Wa alaikumussalam ɗana. Sannu, nawa sau biyu yana yi min haka. Mu nan ruwanmu ya kusa ninka naku, ga raɓa kullum da asuba. Na haƙura da shi, na koma wa furen nan da masu sayar da fulawa ke kira ƙarfe goma, wanda ke buɗewa da hantsi ya rufe da la'asar. Ka karyo reshe ka soka a ƙasa, shi ke nan, ba ya neman lallashi.

Malamin makaranta daga Madina:
Hajiya, ƙarfe goma daban yake, sunansa Portulaca, asalinsa Kudancin Amurka, kuma shi sanyi ne ke kashe shi. Na ɗan uwanmu tela ɗan tsaunukan Afirka ta Kudu ne da Lesoto, inda yake fitowa a tsagin duwatsu, ruwa na zuba yana tsiyayewa. Yakan jure sanyin da ya kai digiri 20 ƙasa da sifili, amma da sharaɗin saiwarsa a bushe take. Wannan jarumtar ba ta da amfani a wurinmu, tun da hunturunmu ba ya daskarar da ruwa. Ɗan uwa, wace ƙasa ka zuba masa?

Tela daga Nima:
Malam, baƙar ƙasa na saya buhu guda a bakin titi, na ƙara da kashin akuya. Na ɗauka gata nake yi masa.

Malamin makaranta daga Madina:
To ai nan gizo ke saƙa. Baƙar ƙasa tana riƙe ruwa kamar soso. Nawa yanzu daminarsa ta biyu ke nan, ga yadda na yi: yashin gini kashi biyu, tsakuwar kankare ƙanana kashi ɗaya, ƙasa kashi ɗaya, da ɗan dakakken gawayi. Kada ka ɗebo yashin bakin teku, gishiri gare shi. Tukunyar ƙasa na sa, na ɗora ta kan bulo biyu don ƙasanta ya sha iska, na kuma baza tsakuwa a sama yadda rassan ba za su kwanta kan laima ba. Da hadari ya haɗu sai yara su ja ta ƙarƙashin baranda. Sai dai in faɗi gaskiya, furen bai taɓa yin yawan da ake gani a hoto ba. Yana raye, yana ɗan fitar da huɗu ko biyar lokacin hunturu, da zafin Maris kuwa sai ya yi lamo. Ina zargin darenmu ne ba ya sanyi yadda ya saba.

Mai waake daga Sabon Zongo:
Ni abin da ya ja ni gare shi ruwa ne. Famfonmu kan yi sati bai zo ba, galan nake saya, ba zan zuba wa fulawa abin da zan dafa wake da shi ba. Wata maƙwabciya ta ba ni reshe, na bar shi kwana biyu a inuwa bakin ya bushe, na dasa a tsohon gwangwanin tumatir da na huda da ƙusa. Rabin moɗa nake ba shi, shi ma sai na tsoma yatsa na ji ƙasar ƙamas. In rana ta take ka duba ganyen da kyau, yana ƙyalli kamar an yayyafa masa sukari, wai daga nan sunan ya samo asali. Ruwa bai kashe nawa ba. 'Yata ce ƙarama ta gano ganyen yana fashewa in an matsa, ta zauna ta bi su ɗaya bayan ɗaya.

Dattijo daga Asawase:
Yaran nan kuna ba ni dariya. Kuna ta jinyar baƙo daga Jamus, ga kariya nan iyayenmu sun taho da ita daga arewa. Tawa ta girmi jikana na fari, tana cikin tsohuwar tayar mota, kuma lokacin da ƙura ta turnuƙe ko'ina ta bushe, lokacin take cika da fure. Abin lura ɗaya ne, ƙaronta guba ne, a nisanta ta da yara da awaki. Ita ma in ka cika mata ruwa gindinta ruɓewa yake yi.

Tela daga Nima:
Baba, na ji, zan zo karɓar reshe in na shigo Kumasi ɗaurin aure. Amma akwai ragowar iri a takardar, kuma Yaya yana tambayata hoto duk Juma'a. Malam, in binne irin ko in barbaɗa kawai?

Malamin makaranta daga Madina:
Barbaɗa kawai ka danna da tafin hannu, yana bukatar haske kafin ya tsiro. Ka jira ruwan Oktoba ya wuce tukuna. Robar nan kuma ka mayar wa uwargida ta ci gaba da wanke-wankenta.