Chrono Trigger: abin da tsoffin 'yan wasa suka ce

Da aka tattara ra'ayoyin waɗanda suka daɗe suna buga Chrono Trigger, wasan bidiyon da kamfanin Square na Japan ya fitar a 1995, bakinsu ya zo ɗaya a kan faɗan cikinsa. Kana hango abokin gaba tun daga nesa, in ka ga dama ka kauce masa. Sannan jarumai biyu ko uku kan haɗa ƙarfi su kai hari ɗaya, don haka suka ce a riƙa sauya 'yan tawaga.

Shawarar da ta fi ba ni dariya ta bikin farkon wasan ce: kada ka cinye abincin wani dattijo da ke wurin, kuma ka duba lafiyar Marle, yarinyar da za ka yi karo da ita, kafin ka ɗauki sarƙarta da ta faɗi, domin duk za a tono su a gaban alƙali.

Aibinsa kuwa, ya cika sauƙi, kuma Crono, babban jarumin wasan, ba ya cewa uffan. Sun ce a guji wanda aka fitar a na'urar PlayStation saboda jinkirin buɗewa; na Nintendo DS na 2008 ya fi. Kada kuma a tunkari Lavos, babban dodon ƙarshen wasan, sai an gama ƙananan ayyukan gefe.