Kuɗin izinin ruwa: a wuyan wa ya kamata ya rataya?

Manomin albasa, kwarin Maggiya:
Assalamu alaikum, 'yan uwa. Rijiyar da na gada a garkar mahaifina, mai gaba takwas, ta soma ƙafewa tun albasa ba ta nuna ba, shi ya sa na yi niyyar haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse, bana, sai aka ce mini in fara neman takarda. Na san dokar ruwa ta Nijar ta 2010 ta ce ruwa dukiyar ƙasa ce baki ɗaya, kuma wanda ya ɗiba shi ke biya, ban ƙi ba. Abin da ya ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, sau uku ina hawa mota zuwa wani ofishi ana ce mini mai sa hannu ba ya nan, har kuɗin motar da na kashe ya isa sayen esanse na ban ruwan mako guda. Ina son jin yadda ta kasance da sauranku.

Mai sana'ar ruwan leda, Tahoua:
Malam, ni na biya, kuma gaskiya ɗaya ce, ba daga aljihuna ya fita ba. Na ɗora shi a kan kuɗin jaka, mai shago ya ɗora wa yarinyar da ke talla da kula a tasha, ita kuma ba ta da ikon ƙara ko dala a kan leda, sai ribarta ta ragu. Duk da haka ina ganin irinmu da ke sayar da ruwan kansa mu ya wajaba mu biya, ba mai garka ba.

Ɗan makiyaya, Abalak:
Hajiya ta faɗi gaskiya, amma a arewa abin ya sha bamban. Wani mai hali ya samo takarda ya gina rijiya a makiyayar da kakanninmu ke kiwo, daga ranar ya ɗauki kansa mai ruwan da ciyawar da ke kewaye, alhali dokokin karkara sun tanadi cewa ba a hana baƙon garke sha. A ranin da ya wuce na ga mahaifina ya kwance akuya mai ciki ya miƙa, domin raƙumansa su sha na wata guda. In kuɗin izini ya yi tsada, masu irin wannan halin kaɗai za su iya biya, kuma a jikin dabbobinmu za su fanshe.

Tsohon ma'aikacin ruwa mai ritaya:
'Ya'yana, kuɗin yana da dalili, domin auna zurfin ruwan ƙasa da gwada tsabtarsa ba kyauta ake yi ba, kuma duk wanda ya ga yawan injinan ban ruwa a yankin Galmi da Tabalak ya san ana bukatar mai lura. Inda nake da ja shi ne a yanka wa kowa kuɗi ɗaya. A sa wa manyan masu ɗiba kwanta mai ƙirga ruwa su biya gwargwadon abin da suka ja, a bar ƙaramin manomi da sanarwa kawai a mere, wato ofishin magajin gari.

Manomin albasa:
Na gode, Baba. Ranar Litinin zan koma karo na huɗu, zan kuma nemi rasit a kan ko nawa aka karɓa.