Jarabawa saura mako uku, robot yana kan tebur: ku yaya kuka yi da naku?

Ɗan Aji Uku

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aji uku a sashen injiniyancin lantarki. An kafe jadawalin jarabawa, saura mako uku, kwas tara gare ni, har da lissafin aji biyu da na faɗi bara nake maimaitawa. Tun watan Janairu nake haɗa wani ɗan robot mai bin baƙin layi a ƙasa: Arduino Uno (ɗan allon kwamfuta da ke zama ƙwaƙwalwarsa), allon L298N mai sarrafa wutar moto, moto biyu masu ruwan ɗorawa da ke juya tayoyi, da sensa biyar irin TCRT5000 a gaba masu gane layin. Da dare a ɗaki yakan bi layin, ko da yake yana tafiya yana layi kamar mai jin barci. Da na fitar da shi tsakar gida da rana kuwa sai ya rikice. Sannan wani lokaci da motocin sun tashi sai Arduino ya mutu ya sake kunnuwa.

Abin da ya fi damuna shi ne da na buɗe littafi sai hankalina ya koma kan wayoyin nan. Jiya Baba ya leƙo ɗaki ya same ni da ƙarfen dalma a hannu, bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Wannan ma yana cikin jarabawar?" Tun jiyan maganar take cina. Waɗanda suka taɓa shiga irin wannan hali, don Allah ku faɗa min yadda kuka yi.

Mai Dalma

Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin komai, da wane batir kake ba shi wuta? In ɗan batir ɗin nan ne mai kusurwa huɗu na bolt 9, to shi ne ciwon. Ba a yi shi don moto ba. Moto yakan ja wuta mai yawa a daidai lokacin da zai tashi, batir ɗin ya kasa, bolt ya faɗi, Arduino ya ɗauke. Ka je wajen masu gyaran laftof ka nemi mataccen batir, ka fasa shi a hankali, za ka tarar da ƙananan batura masu caji da ake kira ƙwayoyin 18650 a ciki, galibi ɗaya ko biyu ne suka mutu, sauran da ransu. Ka auna da mitar awon wuta, wanda ya yi ƙasa da bolt 2.5 ka rabu da shi. Biyu a jere za su ba ka 7.4, in sun cika 8.4. L298N yakan cinye kusan bolt 2, ka ga abin da zai isa ga motocin bai wuce 6 da wani abu ba, daidai ƙarfinsu. Ka liƙa ɗan kafasita (abin da ke riƙe wuta na ɗan lokaci ya daidaita ta) mai lamba 104 a bakin kowane moto, ka sa babba guda a mashigar wuta, kuma ka tabbata wayar ƙasa, wato ta negatif (GND), ta haɗa allunan biyu.

Amma kada ka yi ko ɗaya daga cikin wannan yanzu. Ni na taɓa yin abin da kake shirin yi. A aji uku na zauna kan wata mota mai gujewa bango, ina cewa yau zan gama, gobe zan gama, har aka shiga jarabawa ban taɓa babi huɗu na kwas ɗin filin maganaɗisu ba. Na faɗi. Kwas ɗin ya bi ni aji huɗu, ya ci karo da wani a jadawali, maki ya zube, kuma ban ƙara komawa matakin da nake a da ba. Shekara ta gaba sai na zuba komai a kwali, na ɗaure da igiya, na kai wa Hajiyarmu na ce kada ta ba ni sai na kawo mata labarin na rubuta takarda ta ƙarshe. Taura biyu ba ta taunuwa. Robot zai jira ka, jadawali ba ya jiran kowa.

Ɗan Aji Uku

Wallahi yaya, batir ɗin bolt 9 ɗin ne. Guda shida na saya tun da na fara. Na gode ƙwarai.

'Yar Mekanikal

Ɗan'uwa, maganar rana da sauƙi. Sensar nan haske take jefawa ƙasa, irin wanda ido ba ya gani, ta auna abin da ya dawo. Fari yana maido da shi, baƙi yana shanyewa. To ita ma rana tana ɗauke da irin wannan hasken, kuma nata ya ninka na sensarka nesa ba kusa ba, sai ko'ina ya zama fari a wurinta. Ka sauke sensar ta kusa taɓa ƙasa, kamar milimita 3, ka yi mata siket da baƙin kwali ya kewaye ta. Kuma kada ka kafe lamba ɗaya a cikin umarnin da ka rubuta wa Arduino ka ce ita ce iyakar baƙi da fari. Lambar da sensar ke bayarwa daga 0 zuwa 1023 take, amma inda baƙi ya fara da dare daban, da rana daban. Ka sa duk lokacin da aka kunna shi ya ɗauki daƙiƙa biyar kana goga shi a kan layin, ya riƙe mafi ƙanƙanta da mafi girma na kowace sensa, da su zai yi aiki.

Ni ba jarabawa ce ta fara haɗa ni da wannan harka ba, yajin aikin malaman jami'a ne na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba. Zaman gida ya ishe ni. Mahaifina yana da ɗan lambu a bayan gida, tumatir da attaruhu da alayyahu, shi yake ban ruwa safe da yamma, ga ciwon gwiwa. Na ce sai na yi abin da zai ɗauke masa. Da wayar hannu na koyi yaren C, ina kallon darasi da daddare lokacin da data ke da arha. Na sami sensar danshi mai ƙafa biyu na soka a ƙasa, na haɗa rile (makunnin da wuta ke kunnawa da kashewa) da ƙaramin famfo. Ranar da famfon ya fara tashi da kansa, Baba yana tsaye da butarsa, ya daɗe yana kallon ruwan yana bin kwari kafin ya ce, "Ikon Allah, Mamana, ke kika yi wannan?" Har yau in na gaji da karatu wannan tambayar nake tunawa.

Bai yi wata guda ba famfo ya fara zuba ruwa ba tsayawa. Na tono sensar na ga ƙafa ɗaya ta cinye, ta yi kore, tana marmashewa a hannu. Ashe wutar da nake bari tana ratsa ta dare da rana cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa ce take cin ƙarfen. Na koma irin wadda aka lulluɓe, wadda ƙarfenta ba ya taɓa ƙasa, kuma na sa ana ba ta wuta ne kawai lokacin awo. Da muka koma makaranta aka zo babin tsatsa da lalacewar ƙarfe a kwas ɗin kimiyyar kayan aiki, ban sha wahalarsa ba ko kaɗan, don na riga na riƙe abin a hannuna.

Sai dai bayan yajin an matse zangon sosai, lakca kan lakca, tes kan tes. Nan na ajiye komai, ban taɓa waya ba sai da aka yi hutu. Don haka ina bayan Mai Dalma, musamman da yake akwai kwas da kake maimaitawa.

Tsohon Ɗalibi

Ni na gama, yanzu aikin kafa sola nake yi. Zan ɗan saɓa wa 'yan'uwana biyu, ba a kan komai ba. Ajiye ƙarfen dalma daidai ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne ka ɗauka robot ɗin da lissafin abokan gaba ne. Ka ce yana tafiya yana layi. Ka san sunan wannan rawar a littafinka? Ita ce abin da lissafin da ka faɗi yake magana a kai.

Ina jin umarnin da ka rubuta bai wuce: in layi ya koma hagu a juya hagu, in ya koma dama a juya dama. To kafin ya gyaru ya riga ya zarce, sai ya dawo da ƙarfi ya sake zarcewa ta ɗaya gefen. Maganinsa shi ne abin da ake kira PID. Ka ba sensoshin nan biyar nauyi, daga -2 zuwa 2, ka fitar da lamba ɗaya da ke nuna nisan da ya kauce daga tsakiya. P yana cewa gyara gwargwadon kaucewa. D yana duba saurin da kaucewar ke canjawa, ya taka masa birki kafin ya zarce. I yana tara ɗan kuskuren da ya ƙi tafiya, kamar in moto ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi. Tunanin tsoho ne: a 1922 Nicolas Minorsky ya rubuta shi bayan ya lura da yadda matuƙan jirgin ruwa ke murza sitiyari, a 1942 kuma Ziegler da Nichols suka fitar da hanyar daidaita lambobin da har yau ake koyarwa.

Ni a aji biyu haddar Laplace, wata dabarar warware lissafin canji, na yi kamar karatun allo, na zuba a takarda na fito, ban san amfaninsa ba. A hutun aji uku na zauna da irin robot ɗinka kwana da kwanaki ina ƙara P har ya fara rawa, in ƙara D in ga rawar ta lafa, in zarce da shi in ga ya yi nauyi a kwana. Da muka shiga aji huɗu malamin kwas ɗin sarrafa na'ura ya zana layuka uku a allo, ɗaya yana hawa yana sauka, ɗaya yana jan ƙafa, ɗaya ya hau ya zauna cak, sai da tsigar jikina ta tashi. Duka ukun na gan su suna tafiya a simintin ɗakinmu. Shi ne kwas ɗin da na fi ci a duk zamana a jami'a.

To ga shawarata, ƙanena. Ka kai kwalin wajen Hajiya. Amma in ka zauna da lissafin jerin canji mai mataki biyu, ka riƙa ganin robot ɗinka a ciki. Wannan lambar da ke hana amsa yin rawa, ita ce D ɗinka. In Baba ya sake tambaya, kana da amsa ta gaskiya: wani ɓangarensa yana cikin jarabawar.

Ɗan Maraɗi

Sannunku da aiki. Mu nan jarabawarmu cikin tsananin zafi takan faɗo, wuta tana ɗaukewa, ɗaki ba ya zaunuwa, sai bayan isha'i mu fito waje da fitila. Dole ce ta sa ni ajiye nawa aikin, don ƙarfen dalma ba ya yin zafi ba wuta. Abu ɗaya zan ƙara ga masu sensar HC-SR04, mai auna nisa da sauti. Na yi ma'aunin ruwan tanki da ita, kullum da rana awon yana kaucewa. Ashe lambar da muke kwafowa, mita 343 a daƙiƙa, saurin sauti ne a zafin digiri 20. A digiri 42 ya kusa 357. A nisan mita 2 kuskuren ya kai santimita 8. Darasin da muke kallo a ƙasashen sanyi aka yi su, sai mun gyara lambobin da yanayinmu.

Mai Biro da Takarda

Ni ban da kuɗin sayen kayan ma, gaskiya. A Tinkercad da Wokwi, shafukan intanet na kwaikwayon haɗa kayan lantarki, nake haɗa komai, kyauta ne, in na sami aron kwamfuta. Lokacin jarabawa, in wata dabara ta faɗo min ina cikin karatu, akwai ɗan littafi a gefena, in rubuta ta layi biyu in rufe in ci gaba. Abin da ke hana mutum sakewa tsoron mantawa ne, da ka rubuta sai zuciya ta kwanta. Da aka yi hutu na tarar da shafi goma sha ɗaya. Wanda ya karɓe ni aikin SIWES (koyon aiki a masana'anta da ɗalibai ke zuwa) na wata shida, littafin nan na nuna masa.

Ɗan Aji Uku

'Yan'uwa, na dawo. Allah Ya saka muku da alheri, kowa da kowa. Washegarin maganarmu na kai wa Umma kwalin, ta sa a ƙarƙashin gadonta. Na sayi ɗan littafi kamar yadda Mai Biro ya ce, na cika shafi shida. Ranar Alhamis na rubuta takarda ta ƙarshe. Lissafin ya zo da tambaya biyar a zaɓi huɗu, biyu daga ciki Laplace ne, kuma wannan karon na san abin da nake rubutawa. Sakamako bai fito ba tukuna, ina roƙon addu'arku.

Ranar Asabar na samo ƙwayoyin 18650 guda huɗu masu rai, na liƙa kafasitocin, mutuwar nan ta daina gaba ɗaya. Na yi masa siket da kwalin sabulu na shafa baƙin fenti. Da azahar na shimfiɗa layin a tsakar gida, rana tsaka, ya zagaya sau uku bai kauce ba, ƙannena suna bin sa a guje. Baba yana kan tabarma ya ce in sake sa shi ya gani.

Saura rawar. Na sa P kaɗai, a miƙaƙƙen layi lafiya lau, amma a kwana mai tsini yana zarcewa ya ɓace. Yaya Tsohon Ɗalibi, D ɗin daga nawa kake ganin zan fara, kuma in rage gudu ne kafin in fara gwaji ko in bar shi yadda yake?