Yaron nan ya hana ni zama kusa da uwarsa

Baban yaro, daga garin Mai Wurno a Sudan:
Salam jama'a. Wata huɗu na yi a Gadarif tun shuka har yankan riɗi, na dawo gida yaron nan ɗan shekara 4 ya maida ni baƙo, wallahi abin yana min ciwo shi yasa na sa shi a waƙa ko wani zai amsa min

Na dawo da ƙurar Gadarif a jikina,
Alawa da takalmi na ƙulle a buhuna,
Ya ɓuya bayan zane yana leƙen idona,
Ya ce Inna wane ne wannan kan gadon angarib ɗina.
Na zauna kusa da ita in sha shayina,
Ya shiga tsakani ya ture mini hannuna,
Ya ce tashi, Inna tawa ce, ka bar gidana,
Dariya a baki, kuka kuwa a cikina.

Yaya Babba, Sinnar:
Allah sarki ƙanena. Ni fa da idona na ga naka, bari in tuna maka

Ka manta ne da abin da ka yi wa Babanka?
Ran da aka yaye ka aka kai ka gun kakarka,
Kwana uku kana ihu, kisra ba ta shiga bakinka,
In Baba ya miƙo hannu cizo ne gaisuwarka,
Yau ko gyaran murya ka yi, shi nake ji a muryarka.

Kawu, Damazin:
Ɗana ka yi haƙuri, wannan layin an riga ka shiga

Manzon Allah (SAW) sau uku yana cewa uwa,
Sai a na huɗu uba ya samu shigowa,
Bayan yaƙin Burmi a 1903 da kakanni suka yo gabas da tahowa,
Jariran da suka ga Nilu a goyon mata suka yi isowa.

Maman yaro:
Maigida ban so in sa baki ba don da kunya, toh amma tunda a nan ka kawo maganar gara ka ji abin da ba ka gani ba lokacin da ba ka nan

Duk lorin da ya wuce sai ya ruga ya duba shi,
Ya dawo ya ce Inna babu Baba a cikinshi,
Tsohuwar hularka da ita yake barci a ƙirjinshi,
Fushin daɗewarka ne, bai san yadda zai faɗa maka shi.
Kai ka san riɗi in ya nuna ba a barinshi,
Kwana kaɗan ya fashe ƙasa ta kwashe shi.

Yaya Babba:
Amarya kin sa ni hawaye wallahi. Ƙanena ka ji dai.

Baban yaro:
Na ji Yaya, na gode Kawu. Maganar hular nan ban taɓa sani ba, jiya ban iya barci ba ina ta juya ta a raina. Ga abin da ya faru yau da la'asar

Na ɗauke shi har bakin kogi bisa wuyana,
Da farko yana zillo yana jan gemuna,
Na sai masa agashe ya ci a kan cinyata da hannuna,
Ya ɓoye yanka biyu a aljihu, wai na Innana.
Da dare ya sake kora ta, na shimfiɗa buzuna,
Ya sauko da hannu daga angarib ya riƙe yatsana.